Neman aikin tuƙin tirela: Abin da ake dubawa kafin a miƙa maka makulli

Tun da matatar man Dangote ta sanar a 2025 cewa za ta fito da manyan motoci 4,000 masu amfani da iskar gas, hankalin direbobi ya ƙara komawa kan aikin kamfani. Sai dai iya murza sitiyari kaɗai ba ya samar da aiki.

Abin da ake fara tambaya shi ne lasisi. Tirela na buƙatar lasisin rukunin G. Mai riƙe da na ƙaramar mota ba zai tsallake tantancewa ba.

Ga sabon shiga, hanyar da aka saba ita ce zama yaron mota a hannun gogaggen direba, inda zai koyi ɗaure kaya, duba birki da taya, da yin ribas da bodi. Wannan ubangidan ne sau da yawa ke tsaya masa idan aiki ya samu.

Tsohon hannu kuwa, tarihinsa ne jarinsa. Manyan kamfanoni kan gwada ido, su yi gwajin ƙwaya, su kuma tuntuɓi inda ya baro. A dokar hanya, tirela da tanka ba sa wuce kilomita 60 a awa ko a babban titi.

Kafin ka sa hannu, tambayi ko albashi ne ko kuɗin tafiya, da wanda zai biya idan dizal ya yi giɓi ko kaya suka lalace. Duk dillalin da ya nemi kuɗi kafin ya samo maka aiki, ka yi hattara da shi.