Na'ura Mai Karanta Kati

Jama'a, darasinmu na yau a kan wata 'yar na'ura ne wadda ke karanta kati. Da yawa daga cikinku kun taɓa ganin irinta. Wanda ya yi zaɓe a shekarar 2015 ya ga ma'aikacin zaɓe ya karɓi katinsa, ya kara shi a jikin wata na'ura, sai ga hotonsa ya fito. Wanda ya je wurin mai POS ran kasuwa ya ga an zura katinsa na banki cikin wata, ya danna lambobi, aka ƙirgo masa kuɗi. Waɗansu mutane suna tsoron waɗannan abubuwa, har su miƙa katinsu ga wani su ce ya yi musu. Ta haka ake cutar mutane da yawa.

To, ku sani ba tsafi a ciki. Mutum ne ya ƙera ta, mutum kuwa yana iya haɗa ƙaramarta da hannunsa, muddin ya iya karanta abin da aka rubuta a jikinta. Mu da kanmu mun haɗa ɗaya a Kano. Ga yadda muka yi.

Inda Muka Yi Aikin

A cikin birnin Kano akwai wata tsohuwar unguwa ana ce da ita Soron Ɗinki. Kanawa sukan kira zaure soro. A wani soro na unguwan nan muka zauna, mu da waɗansu samari masu sha'awar kayan lantarki. Mai soron wani dattijo ne maɗinki. Ya ba mu gefe guda, muka shimfiɗa tabarma, shi kuma yana can yana aikin wuyan riga yana kallonmu. Ba don ciniki muka yi ba, don mu gane yadda abin yake ne.

Abin Da Ke Cikin Kati

Da fari muka ɗauki farin kati, muka shiga ɗaki mai duhu, muka haska tocila ta bayansa. Sai muka ga inuwar wata siririyar waya ta kewaye katin ta ciki, zagaye bayan zagaye, kamar yadda ake naɗa zare. A gefe guda kuma ga wani ɗan ɗigo baƙi, bai fi ƙwayar gero girma da yawa ba. Wannan ɗigon shi ne ƙwaƙwalwar katin. A cikinsa lambar katin take.

Kati ba shi da batir. To, ina yake samun wuta? Na'urar ce ke ba shi. Ita ma tana da waya naɗaɗɗiya a jikinta. In wuta tana kai da komowa cikin wayarta, sai wani ƙarfi irin na maganaɗisu ya kewaye ta. Ido ba ya ganinsa. Kadan aka kawo kati kusa, ƙarfin nan sai ya tayar da wuta cikin wayar katin. Ƙwaƙwalwar ta farka, ta faɗi lambarta, na'ura ta ji. Aka janye katin, sai ya koma barci. Wani masani na Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan a shekarar 1831, watau waya na iya tayar da wuta cikin wata waya ba tare da sun taɓa juna ba.

Katin banki da ake zurawa cikin POS, shi ta wannan ɗan faranti mai ruwan zinariya yake samun wuta, gama dole ya taɓa ƙarfen cikin na'urar. Namu kuwa karawa kurum ake yi.

Kayan Da Ake Bukata

1. Na'urar karanta kati mai suna RC522. 'Yar faifai ce, ba ta kai tafin hannu ba. Akan sayar da ita tare da farin kati ɗaya, da wani ɗan abu shuɗi na ratayawa a makulli. Kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar hannu ba.
2. Allon Arduino Uno. Shi ne mai karɓar lamba daga na'urar, ya yanke abin da za a yi. An fara ƙera Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a shekarar 2005, domin ɗalibai su sami abin koyo mai araha. Ya fi na'urar tsada.
3. Ƙananan wayoyi guda bakwai, kowace da launinta in da hali.
4. Ƙananan ƙwayayen fitila biyu, kore da ja, kowane da ɗan abin rage masa wuta.
5. Kwamfuta, da igiyar haɗa ta da allon. Aronta ma ya isa.

Wayoyi da ƙwayayen fitila da dalma ana samunsu a Sabon Gari, wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo. Na'urar da allon, in ba a same su a nan ba, sai a sa a aiko daga Legas.

Ku lura, kati iri-iri ne. RC522 tana aiki da wuta mai kai da komowa sau miliyan 13 da ɗoriya cikin daƙiƙa ɗaya. A jikin kwalinta akan rubuta 13.56. Akwai wani kati mai kama da namu sak, amma nasa sau dubu 125 ne. Wannan ko kwana ya yi a kanta ba za ta ji shi ba, kamar a yi wa Bahaushe Barbarci ne. Saboda haka a karanta lamba kafin a biya kuɗi.

Haɗa Wayoyi

Na'urar tana zuwa da ƙafafu takwas waɗanda ba a liƙa ba. Muka kai wa mai gyaran rediyo ya liƙa su da dalma. Kusa da kowace ƙafa an rubuta sunanta da ƙananan haruffa. Allon Arduino kuma yana da ramuka, kowane da lambarsa ko sunansa. Aikin duka shi ne a kai kowace ƙafa raminta. Ku karanta a hankali:

SDA ta tafi rami na 10
MOSI ta tafi rami na 11
MISO ta tafi rami na 12
SCK ta tafi rami na 13
RST ta tafi rami na 9
GND ta tafi GND
3.3V ta tafi 3.3V

Ƙafa ta takwas, mai suna IRQ, a bar ta, ba a bukatarta a wannan aiki. Kada a sa waya ko a cire ta sai an zare igiyar wuta tukuna.

Kuskuren Da Muka Yi

Harafin V yana nuna ƙarfin wuta. A jikin allon akwai rami mai 3.3V, akwai mai 5V, kuma maƙwabtan juna ne, ba kome tsakaninsu. Na'urarmu 3.3V take so. In aka ba ta 5V, an ba ta abin da ya fi ƙarfinta, yakan lalata ta.

Ran da muka fara, magariba ta kusa, haske ya ragu a soro. Wani yaro daga cikinmu yana ɗoki, bai tsaya ya karanta ba, ya soka waya a ramin 5V. Mu ma ba wanda ya duba. Fitilar na'urar ta kama, muka yi murna. Can an jima muka taɓa, muka ji ta yi zafi. Muka kara kati, shiru. Muka gyara wayar, shiru. Kuɗin da muka yi karo-karo ya tafi, sai da muka jira aka aiko da wata.

Dattijon nan ya ajiye allurarsa, ya ce, "Kai yaro, da ka ga muna awo sau biyu kafin mu sa almakashi, ka zaci wauta ce?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Na tuba, Baba." Tun daga ranar muka kafa doka. Mutum ɗaya ya karanta sunan ƙafa da ƙarfi, na biyu ya karanta sunan rami, na uku ya duba, sa'an nan a sa waya. Da safe kuma muke yi, ido na ganin harafi.

Koya Wa Allo Aikinsa

Allo ba ya yin kome sai an ba shi umarni. Ana rubuta umarnin a kwamfuta, cikin manhajar Arduino, wadda kyauta ce. Ba sai mun ƙago namu ba. Waɗansu sun riga sun rubuta tarin umarni mai suna MFRC522, sun bar wa kowa. Muka sauko da shi, muka zaɓi wani misali a cikinsa mai suna DumpInfo, muka tura wa allon ta igiya.

Sa'an nan muka kara kati. Dole a matso da shi ƙwarai, kada ya wuce faɗin yatsu biyu. Sai ga rubutu ya cika fuskar kwamfuta. A sama akwai lambar katin, kashi huɗu, lambobi gauraye da haruffa daga A zuwa F. Muka rubuta ta a takarda. Muka kara abin makullin nan shuɗi, shi ma ya ba da tasa, dabam da ta farko.

Daga nan muka ƙara ɗan umarni kaɗan. Muka gaya wa allon, in ya ji lambar farin katin nan ya kunna koriyar fitila, in ya ji wata ya kunna ja. Muka gwada, haka kuwa aka yi. Bayan an tura umarni ba a sauran bukatar kwamfuta. Batirin cajin waya ya isa ya riƙe allon. Kada ko kusa a haɗa shi kai tsaye da wutar bango.

In taku ta ƙi aiki, ku bi waɗannan bi da bi. Ku sake karanta wayoyi bakwai ɗin nan. Ku duba ko dalma ta kama kowace ƙafa. Ku ɗauke na'urar daga kan ƙarfe, gama ƙarfe yana shanye ƙarfinta. Mu a kan keken ɗinki muka fara ɗora tamu ta biyu, ta yi ta gardama, sai da muka mai da ita kan katako. Daga ƙarshe ku duba ko katin irin nata ne.

Iyakar Amfaninta

Dattijon ya tambaye mu ko za a sa masa ita a akwatin kuɗinsa. Muka ce, "A'a, Baba, kwado ya fi." Ga dalili. Na'ura lamba take ji, ba ta san fuskar mai riƙe da kati ba. Wanda ya tsinci katinka ya zama kai a wurinta. Ban da haka, farin katin nan, wanda ake kira MIFARE Classic, ana iya kwaikwayonsa. A shekarar 2008 masana a wata jami'a ta ƙasar Holan suka nuna yadda ake buɗe sirrinsa. Saboda haka ya dace da koyo, da wasa, da sanin wanda ya zo aji, amma ba da tsaron dukiya ba.

Shi ya sa na'urar zaɓe ta 2015 take neman zanen yatsa bayan kati. Shi ya sa kuma POS take neman lambobin sirri. Kati shi kaɗai bai isa shaida ba. Lambobin nan naka ne kai kaɗai. Kada ka faɗa wa mai POS, kada ka rubuta su a bayan kati. Ka karanta adadin kuɗin da ke fuskar na'ura da idonka, kāna ka danna da hannunka.

Tambayoyi

1. Ina kati yake samun wuta, tun da ba shi da batir?
2. Wane rami ne maƙwabcin 3.3V, me zai faru in aka sa waya a cikinsa?
3. Don me ba a tsaron akwatin kuɗi da farin katin nan?
4. Ku rubuta waɗannan a allunanku: 9, 10, 11, 12, 13, GND, 3.3V.