Tantance Masu Shiga Uwar Garke ta Rumbun Bayanai da Matsalar Rubutun Suna a Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyi biyu da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa saura hidima, take bi wajen tantance mai neman shiga, tare da nuna inda lamarin ya shafi masana harshe.

2.0 Hanyoyin Tantancewa

A tsarin Unix, wanda aka soma a 1969, kowace na'ura tana riƙe da nata fayil na sunayen masu shiga. Mu ɗauki misalin Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, mai haraba a Kaduna da Kafanchan. Idan da fayil za a dogara, malamin da aka mayar Kafanchan sai an sake rubuta sunansa a kowace na'ura ta can. Wanda ya bar aiki kuwa, muddin aka manta da na'ura ɗaya, ƙofarsa tana nan a buɗe.

Hanya ta biyu ita ce a tara sunaye da kalmomin sirri a rumbun bayanai guda. Ƙa'idar LDAP ta 1993 da tsarin PAM na kamfanin Sun Microsystems na 1995 sun sauƙaƙa wannan: uwar garke takan tambayi rumbu, shi kuma ya amince ko ya ƙi. Illarta ita ce idan sadarwa ta yanke, kowa ya tsaya. Shi ya sa akan bar sunan mai kula da na'ura a fayil.

3.0 Rubutun Suna

Rumbu ba ya jin lafazi, lambobin haruffa yake kwatantawa. Tsohon tsarin ASCII mai lambobi 128 ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Unicode yana da su, amma a wurinsa Ɗanladi da Danladi sunaye biyu ne. A harsunan Tyap da Jju kuma, wasalin a̱ lambobi biyu ne: harafi da layin ƙarƙashinsa. Idan aka saita rumbu ya yi watsi da layin, sai sunaye mabambanta su zama ɗaya. Idan bai yi ba, wanda allon rubutunsa ya rasa alamar ba zai shiga ba.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa kuskuren da ke cikin fayil na'ura ɗaya yake shafa, na rumbu kuwa yana bin mutum ko'ina. Don haka ya kamata a nemi shawarar masana harshe kan daidaita rubutun suna tun kafin a gina rumbu.