Wayar salula da ƙafafun Baba: me take aunawa da gaske?

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sun san titin Liuhua. Nan aka riƙa cin baje kolin Canton daga 1974 zuwa 2008, ga kasuwannin tufafi kusa da tashar jirgin ƙasa, ga kuma lambun tafkin Liuhua inda tsofaffi ke motsa jiki da sassafe. Wanda ya ga haka, ya tuna Baba a gida, ba wuya ya yarda da zancen da ke yawo: wai akwai wayar da ke auna ƙarfin ƙafar tsoho, har ta faɗi ranar da zai faɗi.

Akwai gaskiya a ciki. Kusan kowace babbar waya tana da 'yar na'urar jin motsi, ita ce ke juya hoto idan ka karkata wayar. Da ita ake lissafa saurin tafiya da tsawon taku. A 2021 Apple ya ƙara wa iPhone ma'aunin daidaiton tafiya, mai gargaɗi idan haɗarin faɗuwa ya ƙaru cikin shekara mai zuwa.

Amma batun rana ƙarya ne, hasashe kawai wayar take yi. Kuma ba ta ganin tsoka, motsi take ji, sai fa tana aljihu daf da ƙugu. A nan ne nake jin tsoro: dattawanmu a aljihun ƙirji suke sa waya, ko cikin babbar riga tana lilo, iyayenmu mata kuma a jaka. Lissafin da ya fito daga nan ba abin dogaro ba ne.

Ba sai an sayi waya mai tsada ba. Ma'aunin ƙwararrun Asiya na 2019 kujera da agogo yake buƙata: tsoho ya tashi ya zauna sau 5 ba tare da dafa komai ba. Idan ya kai daƙiƙa 12, ko tafiyarsa ta gaza mita 1 a daƙiƙa, alamar rauni ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ta fi ci. Don haka in Baba ya fara dafa bango kafin ya miƙe daga sujada, a kai shi asibiti, ko me waya ta nuna.