Daga Fursuna Zuwa Mai Gona: Labarin Gidan Ryan

Zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar Ayalan, ba kowane mai laifi ake kullewa a kurkuku ba. Tun 1791 aka riƙa loda waɗansu a jirgin ruwa zuwa Ostareliya.

Ned Ryan mutumin Tipperary ne. A 1816 aka yanke masa shekara 14, don yana cikin waɗanda suka rushe wani gini da za a sauke sojoji a ciki. Ya bar matarsa Ellen da yaransu.

A can, fursuna ba ya zaman banza, ana ba da shi ne ga mai gona ya yi masa aiki. Da Ryan ya sami 'yanci sai ya kama fili a Galong, ya tara shanu da tumaki. Filin nan fa yana da masu shi, wato 'yan asalin ƙasar, ba kuwa wanda ya nemi izininsu.

Sai a 1847 Ellen ta iso, yaran sun zama manya, wajen shekara 31 ke nan rabonsu da shi. Ɗansa John ya zama ɗan majalisar New South Wales. Gidan kuwa daga baya ya koma hannun limaman Katolika.