Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Watan jiya wani maƙwabcina ya yi mini sallama bayan la'asar, ɗansa na biye da shi rungume da jakar takardu. Aka gaisa, ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, a taimaka da 'yar wasiƙa ko Allah zai sa a dace." Yaron ya yi shekara huɗu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, a gefen Kuala Lumpur, ya dawo da digiri a fikihu da usulu. Fili uban ya sayar ya biya. Yau shekara biyu da gama bautar ƙasa, yana koyarwa a wata Islamiyya, albashin ko kuɗin man babur ba ya isa.

Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa ganawar neman aiki. Ya ce sau ɗaya, a wani banki marar ruwa. Sun tambaye shi cinikin murabaha, ya zuba bayani har da saɓanin malamai. Sai suka miƙo masa takardar yarjejeniya da Turanci, shafi uku, suka ce ya nuna inda ta saɓa wa shari'a, ya kuma lissafa ribar. Nan ya yi tsuru-tsuru.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne garin da yaron nan ya zauna. Malesiya ta kafa asusun adashin alhazai, Tabung Haji, tun 1963. Bankin Musulunci na farko a ƙasar ya buɗe a 1983, shekarar da aka kafa jami'ar da ya yi. Hukumar IFSB mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗin Musulunci, wadda Babban Bankin Najeriya ke cikinta, a Kuala Lumpur take. Jami'ar INCEIF da babban bankin ƙasar ya kafa a 2005, ba abin da ake koyarwa a cikinta sai wannan fanni. Jirgi ɗaya zai hau daga tashar Gombak ya sauka a tsakiyar birni. Na ce, "Ka taɓa leƙa ko da lacca ɗaya?" Ya sunkuyar da kai. Shekara huɗu daga ɗaki sai aji sai masallaci, sai hira da 'yan gida ana tuƙa tuwo. Turancin da ya tafi da shi, da shi ya dawo, alhali da Turanci da Larabci ake karatu a can. Harshen Malay kuwa, in ka cire cinikin shinkafa, babu.

Kada a ji ni ba daidai ba. Ba karatun nake zargi ba. Wanda ya sha Alfiyya, ya ratsa Muhtasar, ya iya warware jimlar da aka rubuta shekara ɗari bakwai baya, ya samu horon ƙwaƙwalwar da ba kowa ke da shi ba. Turawa ma suna da irinsa, wato karatun Latin da tsohon Girkanci, kuma masu shi ba su rasa abin yi. Boris Johnson shi ya karanta a Okusfod, ya yi aikin jarida, ya zama Firayim Ministan Birtaniya. Su dai sun gane cewa irin wannan ilimi tushe ne, sai an ɗora masa gini. Mu kuwa mu karɓi shahada mu zauna jiran a kira mu.

Ga shi aikin na neman mai yi a gida. Bankin Jaiz marar ruwa ya fara a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardun lamuninta na sukuk na farko a 2017, naira biliyan 100, don gyaran hanyoyi. Akwai kamfanonin inshorar takaful, akwai adashin gata na Hukumar Alhazai. Kowane banki marar ruwa dole ne ya aje kwamitin malamai masu duba harkokinsa, ƙarƙashinsu kuma da ma'aikatan da ke bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Wa ya fi cancanta da kujerun nan in ba mai fikihu ba? Amma mai fikihun da ya san lissafin kuɗi, wanda zai rubuta rahoto da Turanci ba a bi shi da jan biro ba.

Saboda haka, ɗalibin da ke can yanzu, tun daga shekarar farko ka ɗauki darasin akanta da na tattalin arziki, ko da sun wahalar da kai. Babin ciniki ka riƙe shi kamar yadda ka riƙe babin tsarki. Ka lura can Shafi'iyya suke bi, mu nan Malikiyya, sanin inda suka rabu a mu'amala jari ne. Lokacin hutu, maimakon tikitin zuwa gida, nemi wurin sanin makamar aiki ko ba a biyanka. Iyaye kuma, in kun kira waya, bayan "ya karatu" ku ƙara da "me za ka yi da shi?"

Akwai wasu ƙofofin: fassara, aikin jarida, alƙalanci ga wanda ya bi matakansa, koyarwa in an haɗa da difloma ta malanta da rajistar hukumar malamai ta TRCN, da kuma tulin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke Arewa House a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, suna jiran mai karantawa.

Yaron na ce ya nemi kwas ɗin akanta na yamma, ya dawo mini da rasit. Uban ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To Malam, wasiƙar fa?"