Zaɓi da Sakamakonsa a Wasannin Kwamfuta na Labarin Jarumai

1. GABATARWA

Tun fil azal ɗan Adam yake sauraron labari, amma galibi mai sauraro ba shi da ta cewa game da inda labarin zai dosa. Mai ba da labari shi ke da wuƙa da nama, in ya ga dama ya kashe jarumi, in ya ga dama ya ɗaura masa aure. A 'yan shekarun nan an sami wani nau'in wasan kwamfuta da ya nemi sauya wannan tsari, watau wasan da ake miƙa wa mai wasa linzamin labari, a ce ya zaɓi abin da jarumi zai faɗa da abin da zai aikata, sa'an nan ya ga abin da zaɓin nasa ya haifar.

Matasa suna kiran wasannin kwamfuta baki ɗaya da suna gem. A garuruwa irin su Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda aka fi sabawa da su su ne na ƙwallon ƙafa da na faɗa, inda mai saurin yatsa ke cin abokin karawarsa. Wasan zaɓi bai bazu kamarsu ba, amma tun da wayar hannu ta shiga aljihun ɗalibi da ma'aikaci, ƙofarsa a buɗe take. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda irin wannan wasa yake gudana, ta hanyar misali da wasan Batman, a kuma nuna cewa harsashin da aka gina shi a kai tsohon abu ne a adabin Hausa.

2. JARUMIN DA ASALINSA

Jaruman da ake magana a kansu sun fito ne daga mujallun labarin zane na ƙasar Amurka, inda ake ba da labari da jerin hotunan da aka zana da hannu, maganar kowane mutum tana rubuce kusa da bakinsa. Superman ya fara bayyana a 1938, Batman kuma a 1939, daga hannun Bob Kane da Bill Finger. Bahaushen da ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, ko Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ya riga ya san irin wannan sadauki da kan tari runduna shi kaɗai.

Batman ya sha bamban da sauran ta fuska guda: ba shi da wani ƙarfi na ban al'ajabi. Shi ɗan attajiri ne mai suna Bruce Wayne, wanda aka kashe mahaifansa a gaban idonsa yana yaro, ya sha alwashin yaƙar masu laifi a birnin Gotham. Da rana attajiri ne da ake damawa da shi a harkokin gari, da dare kuwa ya rufe fuska da sifar jemage ya shiga farautar miyagu. Wannan fuska biyu ita ta sa ya dace da wasan zaɓi, domin kusan kowace matsala tana da hanyar lallami da hanyar ƙarfi, kuma duka biyun suna hannun mutum ɗaya.

Ba da na'ura aka fara bai wa masu karatu zaɓi ba. Daga 1979 an yi ta buga jerin littattafan yara masu suna Choose Your Own Adventure, inda ake cewa mai karatu ya tafi shafi kaza in ya zaɓi shiga kogo, ko shafi kaza in ya zaɓi komawa gida. Har ila yau, a 1988 kamfanin DC, mai buga labarin Batman, ya nemi masu karatu su buga waya su yanke hukunci ko Robin, yaron Batman, zai mutu ko zai rayu. Ƙuri'a 5,343 suka zaɓi mutuwa, 5,271 suka zaɓi rayuwa. Da ratar 72 kacal aka kashe shi.

3. YADDA WASAN YAKE GUDANA

Kamfanin da ya fi yin suna a wannan fanni shi ne Telltale Games, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya a 2004. Ya fitar da wasan Batman kashi biyar, daga Agusta zuwa Disamba na 2016, kamar yadda ake watsa wasan kwaikwayo mai dogon zango. Mai wasa yana kallon labari ne kamar fim. Can sai a tsaya, amsoshi uku ko huɗu su bayyana a allo, lokaci yana ƙurewa. Yana da 'yan daƙiƙoƙi ya zaɓi ɗaya, in kuma ya yi shiru, shirun ma amsa ce. Wani lokaci rubutu kan fito a gefen allo yana sanar da shi cewa wane ba zai manta da abin da aka faɗa masa ba.

Alal misali, a kashi na farko Bruce ya shirya liyafa a gidansa domin tara wa abokinsa Harvey Dent, babban lauyan gwamnati, kuɗin takarar magajin gari. Sai ga Carmine Falcone, uban 'yan ta'addan birnin, ya shigo ba gayyata, ya miƙo hannu a gaban manyan baƙi. Ko a gaisa da shi mutuncin gida ya zube, ko a ƙi a sayi gaba da mugu. A kashi na biyu kuma akwai bukatar tatsar bayani daga bakin magajin gari Hamilton Hill, sai a tambayi mai wasa: Bruce zai je da siyasa, ko Batman zai je da barazana?

Abin da ya ƙara wa labarin nauyi shi ne, marubutan sun juya tarihin gidan Wayne. Ya bayyana cewa mahaifin Bruce, wanda ake yi wa kallon mutumin kirki, abokin cin mushen Falcone da Hill ne, har yana sa a kulle masu lafiya a asibitin masu taɓin hankali na Arkham domin a ƙwace filayensu. Ke nan dukiyar da jarumi yake yaƙar zalunci da ita, da zalunci aka tara ta. Tambayar yadda magaji zai yi da gadon da ya gano akwai haƙƙin mutane a cikinsa, tambaya ce da ake kai wa malamai a kowane gari na ƙasar Hausa.

4. IYAKAR ZAƁIN

To, shin da gaske mai wasa ne yake jan akalar labari? Lissafi zai taimaka a nan. In labari ya rabu biyu a kowane zaɓi, rassan kuma ba su sake haɗuwa ba, zaɓi 10 zai haifar da ƙarshe 1,024, zaɓi 20 kuwa zai haifar da 1,048,576. Kowane reshe sai an rubuta shi, an zana shi, an biya masu murya sun karanta shi. Babu kamfanin da zai iya ɗaukar wannan nauyi. Saboda haka rassan sukan rabu ne su sake haɗuwa, kamar turbar ƙafa da ta rabu a gindin kuka ta koma ɗaya kafin bakin kasuwa.

Misali mafi bayyana yana ƙarshen kashi na biyu, inda Harvey Dent da Selina Kyle suka faɗa haɗari a lokaci guda, kuma mutum ɗaya kaɗai za a iya kai wa ɗauki. In aka zaɓi Selina, rabin fuskar Harvey zai ƙone. In aka zaɓi Harvey, fuskarsa za ta tsira, amma duk da haka hankalinsa zai gushe ya zama abokin gaba. Zaɓin ya sauya kamanninsa da wasu maganganu, makomarsa kuwa tana nan yadda marubuta suka tsara.

A wasa na biyu, wanda ya fito daga Agusta 2017 zuwa Maris 2018, kamfanin ya faɗaɗa rassan. Yadda mai wasa ya riƙi wani mai taɓin hankali da ake kira John Doe shi ke tabbatar da ko zai zama mugu na ƙin ƙarawa, ko mai ƙoƙarin kwaikwayon Batman ta karkatacciyar hanya, har kashin ƙarshe ya kasu gida biyu mabambanta. Amma a Satumba 2018 kamfanin ya durƙushe saboda rashin kuɗi, ya sallami mafi yawan ma'aikatansa. Wasu daga tsofaffin ma'aikatan nasa sun kafa AdHoc Studio, wanda ya fitar da wasan Dispatch a 2025, labarin wani jarumi da ya koma zaman ofis yana tura sauran jarumai wuraren da ake neman agaji.

In haka ne, mene ne amfanin zaɓin? Amfaninsa shi ne yana fito da halin mai zaɓi fili. Wanda ya bar Harvey ya ƙone zai ci gaba da ganin wannan fuska har ƙarshen wasa, yana sane da cewa da hannunsa a ciki. A ƙarshen kowane kashi kuma ana nuna masa kashi nawa cikin ɗari na masu wasa suka yi irin zaɓinsa, ya auna kansa da jama'a.

5. DANGANTAKA DA TATSUNIYA

A nan ne wasan ya haɗu da adabin baka. Ita tatsuniya tun daga buɗe ta sai da amsar masu sauraro: in an ce ga ta nan ga ta nanku, sai sun ce ta zo mu ji ta. Bayan haka akwai rukunin tatsuniyoyi da ba a rufe su da hukunci, ana rufe su ne da tambaya. A cikin waɗanda Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray da ajami a ƙasar da ake kira Gana a yau, aka buga a 1913, akwai ta wani sarki da ya sa 'ya'yansa uku su hau dawaki su gwada bajinta a kan wata kuka. Babban ya soke ta da mashi ya bi ta kafar da dokinsa, na biyu ya tsallake ta a kan doki, autan ya tumɓuke ta da saiwoyinta ya ɗaga sama. Daga nan sai a tambayi masu sauraro wanda ya fi.

Babu amsar da take daidai, kuma ba ita ake nema ba. Gardamar da za ta biyo baya ake so, inda yaro zai koyi kawo hujja da sauraron ta wani. Wannan shi ne aikin da wasan zaɓi yake yi, sai dai akwai bambanci ta fuska uku. Na farko, tatsuniya tana tambaya bayan an gama labari, wasa kuwa yana tambaya a tsakiyarsa ya kuma nuna sakamako. Na biyu, tatsuniya ta taro ce, da kaka ko uwa a tsakiya tana gyara tunanin yara, wasa kuwa galibi mutum ne shi kaɗai da allonsa. Na uku, gardamar dandali ba ta da agogo, alhali wasa yana tilasta yanke shawara cikin daƙiƙoƙi, ga shi kuwa Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Masu wasan sun lura da giɓi na biyu, domin a wasan 2016 sun sa wani tsari da ke bai wa 'yan kallo damar jefa ƙuri'a ta wayoyinsu, a bi ra'ayin masu rinjaye.

6. ABIN DA YA SHAFI KUDANCIN KANO

Babbar tambayar da labarin Batman yake ɗauke da ita ita ce: in hukuma ta gaza ko ta lalace, ya halatta mutum ya ɗauki doka a hannunsa? Mutanen Doguwa da Tudun Wada, da suke maƙwabtaka da dajin Falgore, wanda ya yi ƙaurin suna da satar shanu a wajajen 2015, sun san wannan tambaya ba a allo ba. Ɗan banga ko mafarauci da ya kama wanda ake zargi yana tsakanin hanya biyu, ya miƙa shi ga 'yan sanda da alƙali, ko ya biye wa fushin taro. Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan mararraba cikin wasa, ya ga yadda duka ɗaya yake zubar da amanar jama'a, ya sami abin tunani tun kafin ranar gaske ta zo. Amma wajibi ne malamai da iyaye su sani cewa a wasan akwai zubar da jini da mu'amalar maza da mata irin ta wata al'ada, kuma masu shi ba don ƙananan yara suka yi shi ba.

Matsala ta biyu ita ce harshe. Fim ana iya fassara shi a ɗora masa muryar Hausa, kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya a Kano. Wasan zaɓi kuwa yana bukatar karanta Turanci da gane zaurancensa cikin ƙiftawar ido, wanda bai iya ba sai ya riƙa dannawa da ka, ma'anar wasan ta ɓace.

Maganin wannan yana hannun marubutan Hausa. Ƙashin bayan wasan rubutu ne, zane ado ne kawai. Tun 2009 akwai manhaja ta kyauta mai suna Twine, wadda ake shirya labari mai rassa da ita ba tare da zurfin ilmin kwamfuta ba. Ƙasar da ta fitar da ɗimbin marubutan littattafan soyayya tun daga shekarun 1980 ba za ta rasa masu wannan aiki ba. Abin rubutawa kuwa ga shi nan birjik: malamin gona da aka ba shi rabon taki, ga jerin sunayen manoma ga kuma takardar wani babba, dagacin da rikicin makiyayi da manomi ya zo gabansa ana gab da girbi, ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa kafin ranarta. Kowane ɗayansu yana da hanya biyu, kowace hanya kuma da abin da za a rasa.

7. KAMMALAWA

An ga cewa 'yancin da wasan zaɓi yake bayarwa mai iyaka ne, domin marubuta sun riga sun share duk hanyoyin da za a bi. An kuma ga cewa darajarsa tana cikin tilasta wa mutum ya tsai da shawara ya zauna da sakamakonta, aikin da tatsuniya mai ƙarewa da tambaya ta daɗe tana yi a dandali. Saura da me? Sassan nazarin Hausa da na kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin ilmi su haɗa ɗalibansu a gwada rubuta irin waɗannan labarai da Hausa, a kai su aji a yi wasan a taro, a tsaya a kowace mararraba a yi gardama kafin a danna. Ta haka yaron Kiru zai gamu da jarumin da yake magana da harshensa, yake kuma fama da irin matsalar da ya baro a gida.