Injin wanke darduma a Akébé: a duba zuƙa kafin fesa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na musamman na yau daga Libreville yake zuwa muku, babban birnin ƙasar Gabon, daga unguwar Akébé, inda 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da direbobi suke zaune, wasu daga Kano da Maradi da Damagaram, wasu daga Garwa da Ngaundere, wasu kuma haifaffun Oyem da Bitam. Maganarmu a kan ɗan injin nan ce na wanke darduma da kujerun falo da na mota, wanda ake ɗauka da hannu ɗaya. Uwargida ta gan shi a bidiyon waya yana tsotse tabon shayi cikin ƙiftawar ido, ta ce wa maigida ita ma tana so. Direban tasi ya gan shi, ya fara lissafin kuɗin da yake kai wa masu wankin mota. To, kafin kowa ya zaro sefarsa, akwai abin da mazaunin Akébé ya kamata ya sani, wanda bidiyon ba zai faɗa masa ba.

Wanda ya taso a Katsina ko Maradi ya saba da cewa wanki ne aiki, bushewa kuwa rana ce ke yi. A kai darduma tsakar gida da hantsi, a wanke ta da buroshi, a rataye ta a katanga, kafin la'asar ta bushe ƙayau. A nan Libreville ba haka ba ne. Garin yana bakin teku, dab da tsakiyar duniya, kuma ruwan saman da yake samu a shekara ya kusa milimita 3,000, wato ninki uku na abin da Kano ke samu, ko ma fiye. Damina tana ɗaukar kusan wata takwas, daga Oktoba har Mayu. Ko ranin da ake yi daga Yuni zuwa Satumba, gajimare ne ke rufe sama yawancin kwanaki. Ƙara da cewa gidajen Akébé a cunkushe suke, ɗaki na jingine da ɗaki, taga ɗaya, wani lungun a kwari yake. Dardumar da ta sha ruwa a irin wannan ɗaki tana iya kwana biyu da laima. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan nan fumfuna ke kama shi. Fumfunar nan ita ce warin da ke tarbar baƙo tun daga bakin ƙofa, ita ce kuma ke tayar wa yaro mai asma da tari cikin dare, ga shi a kan wannan dardumar yake rarrafe, a kanta yake barci.

Saboda haka ni a ganina, tambaya ta farko a shago ita ce: ruwa nawa injin nan yake iya mayarwa cikin cikinsa bayan ya fesa?

Ga yadda yake aiki. Tanki biyu gare shi. Ɗaya na ruwa mai tsabta da sabulu, ɗaya na ƙazamin ruwa. Ka danna, ya fesa, ka goga da ɗan buroshin da ke bakin tiyon, sannan ya zuƙe. Fesawa ba wuya, kowane inji yana yi. A zuƙar ne ake bambanta na ƙwarai da na banza. Don haka in kun je kasuwar Mont-Bouët ko wani babban kanti, ku roƙi mai shago ya kunna muku. Ku zuba rabin kofin ruwa a kan guntun kafet, ku zuƙe sau uku ko huɗu, ku dubi abin da ya koma tanki, sannan ku danna busasshen ƙyalle a wurin. In ƙyallen ya jiƙe sharkaf, ku ajiye injin, komai kyan fentinsa. Ku kuma nemi wanda bakinsa garai-garai ne, ana ganin ruwan yana wucewa, domin da haka za ku san lokacin da ruwan ya daina fitowa da datti, da lokacin da ya daina fitowa baki ɗaya.

A kula kada a sayar muku da wani abu daban. Wanda muke magana a kai, a shagunan Libreville ana kiransa injecteur-extracteur, wasu su ce shampouineuse. Ɗan ƙaramin aspirateur da ake jona wa a wurin kunna sigari na mota ƙura da ɓurɓushin biskit kawai yake kwasa. Mai tururi kuma yana jiƙa wuri ne ya bar maka laimar.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai maganar wuta, kuma a nan mutane da yawa suke asara. Sunan da ya fi yawo a bidiyo shi ne Little Green na kamfanin Bissell, tsohon kamfanin Amurka da aka kafa a garin Grand Rapids a 1876. Inji ne mai kyau, amma wanda aka ƙera don kasuwar Amurka da wutar bolt 120 yake aiki, wutar da kamfanin SEEG ke kawowa gidajenmu kuwa bolt 220 ce. Ɗan'uwa ya aiko da shi daga can cikin kaya, ko an tsince shi a gwanjo, a canza masa kan soket a jona, ya yi ƙara ɗaya ya ƙone. Ku juya injin ku karanta takardar da ke manne a gindinsa. In ba ku ga 220 zuwa 240 ba, sai an haɗa da taransifoma mai ƙarfin da ya zarce na injin, kuma ni dai ba na ba da shawarar wannan wahala. Kamfanin yana yin irinsa na kasuwar Turai da sunan SpotClean, akwai kuma na Kärcher na Jamus, dukansu da wutarmu suke aiki. Ba sa cin wuta sosai: inji mai wat 400, in ya yi rabin awa yana aiki, kashi ɗaya cikin biyar na kilowat-awa ɗaya kacal ya sha.

Malam direba, wannan naka ne. Wurin kunna sigari na motarka bolt 12 ne, kuma galibi abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 120 zuwa 180 ba, don haka ba zai ja irin wannan inji ba. Ko dai ka sami doguwar waya mai kauri ka jawo wuta daga gida, ko ka sayi mai batir. Wanda ke ajiye motarsa can bakin titi, gidansa kuma yana cikin lungun da sai an sauka da ƙafa, mai batir ne ya dace da shi, haka nan yana da amfani ranar da aka ɗauke wuta. Sai dai da yawansu ba sa kai rabin awa kafin su nemi caji, kuma ba a barin batirin cikin rufaffiyar mota a rana. Kujerar mota soso ne a ciki, tana shan ruwa fiye da yadda ido ke gani, ƙarƙashinta kuma akwai wayoyi. Fesa kaɗan, zuƙa da yawa. Rufin ciki kuwa da gam aka manne shi, in ya jiƙe sai ya saki ya rataya. Kada ka wanke da dare ka rufe gilasai ka ce da asuba za ka ɗauki fasinja. Ka zaɓi safiyar ranar hutu, ka bar ƙofofi a buɗe, ko ka kunna na'urar sanyaya mota ta janye laimar.

Tabon da ya fi damun gidajenmu a nan sananne ne: manja da miyar nyembwe, shayi da madara, jar ƙasar da takalmi ke kwasowa, da fitsarin yara. Manja ba ya jin ruwa zalla. A fara dangwale shi da ƙyalle, kada a cuɗa, a ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan, sannan a kawo inji. Madara da jini da ruwan sanyi ake fara musu, ruwan zafi yana kama su ne ya zaunar. Laka kuma a bar ta ta bushe a kakkaɓe tukuna. Ina roƙon iyayenmu mata, kada a zuba garin omo ko javel a tanki. Kumfar omo tana cika tankin datti ta haura zuwa ga motar injin, abin da ya saura a darduma kuma yana kama sabuwar ƙura. Javel tana cinye launi, tana lalata ulu. In ruwan duro ne aka tara, a tace shi da ƙyalle, domin ramin fesawar ƙarami ne ƙwarai, ɗan yashi ya isa ya toshe shi.

Akwai wani batu da ba za ku gani a takardar kowane kamfani ba, alhali shi ya fi shafar mu. A gida mai ɗaki ɗaya, dardumar da yaro ya yi wa fitsari ita ce wadda ake shimfiɗa sallaya a kanta, wani lokaci ma a kanta ake sallar kai tsaye. A mazhabar Malikiyya da muka yi karatu a kanta, da ruwa tsarkakakke ake kawar da hukuncin najasa, wanda wani abu bai canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba. Ruwan da aka gauraya da sabulu mai ƙamshi yana fitar da datti, amma ya riga ya canza. Don haka a zuƙe fitsarin tun yana ɗanye, a wanke da sabulu, sannan a ɗauraye tankin a cika shi da ruwa zalla, a zuba a wurin a zuƙe, a maimaita har ruwan ya riƙa fitowa fes. Wannan ya sa nake fifita injin da tankinsa ke ciruwa, mai faɗin baki, wanda hannu ke shiga a wanke shi. Wanda yake da sauran shakka ya tambayi malamin unguwarsu.

Ƙaramin inji na tabo ne, tankinsa lita ɗaya da rabi ne ko kusa da haka. Kafet ɗin da ya mamaye falo, ko shimfiɗun masallaci kafin azumi, aikin babban inji ne irin Puzzi na Kärcher mai tankin lita 8, wanda ya fi kyau jama'a su haɗa kuɗi su saya, ko matashin da ke son sana'ar wankin kujerun mota. Dardumar da ambaliya ta shigo da ruwan kwata ta jiƙa kuwa, ɗan inji ba zai tsarkake ta ba. A fitar da ita waje a yi mata wankin gaske, in akwai soso a ƙarƙashinta a zubar da shi.

Kafin ku biya, ku tambayi mai shago ko yana da tiyo da baki na canji, domin su ne ke fara tsagewa, ku kuma karɓi rasit da takardar garanti. In an gama aiki a zubar da ƙazamin ruwan nan take, a zuƙi ruwa mai tsabta ta tiyon, a bar tankunan a buɗe su sha iska, a kunna fanka a kan dardumar har sai tafin hannu ya daina jin sanyi a jikinta.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)